Jagora ga Mai Nufin Ziyarar Wuraren Tarihin Yaƙi a Damagaram

Duk wanda ya taɓa shiga Gidan Makama a Kano, ko gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, inda aka jera kayan mutanen dā, kowanne da 'yar takardarsa mai bayyana sunansa da asalinsa, idan ya ji an ce Damagaram ƙasar igwa ce da albarushi, la'alla ya yi tsammanin da saukarsa tasha zai tarar da wani gini guda wanda aka tattara labarin duka a cikinsa, ya biya kuɗin ƙofa, ya zaga, ya fito kafin azahar. To, al'amarin ba haka yake ba. Akwai gidan tarihi na jiha a garin, watau Zindar, ya kuma cancanci a leƙa shi, amma tarihin yaƙin Damagaram yana warwatse ne tsakanin duwatsu da guntayen ganuwa da zaurukan fada da barikin soja da maƙabartar Nasara da wani fage a kan hanyar Maraɗi, ragowarsa kuwa tana cikin ƙirazan dattawa. Wanda ya shiga garin babu tartibi zai ga abubuwa da yawa, ya koma gida bai san wanne ne ya riga wanne ba.

Sai ka fara da zaɓen lokaci. Mafi dacewa shi ne tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin hunturu, domin galibin ziyarar a ƙafa ake yin ta, zafin bazara kuwa a tsakanin duwatsun Zindar ba abin wasa ba ne. In kuwa muradinka ka ga kayan yaƙi a jikin masu su, to ka daidaita zuwanka da Sallah, ƙarama ko babba, ranar da mahaya suke fitowa. Kwana biyu sun wadatar, uku sun fi. Ka riƙe takardun shaidarka a jikinka kullum, ka tambayi halin hanya da na kan iyaka kafin ka taso, in daga Kano kake, wadda ke kimanin kilomita 240 kudu da garin. Ka tanadi ruwan sha, gama ƙarancin ruwa tsohon ciwon Zindar ne, yana ma daga cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke hedkwatar mulki daga nan suka kai Yamai a 1926. Baƙon da ya zo daga Nijeriya ya kiyaye lissafin kuɗi: dala ɗaya sefa 5 ce, jika kuwa sefa 1000, kada mai kabu-kabu ya ce dala ɗari ka miƙa masa abin da bai kai ba, ku yi ta sa-in-sa a bakin titi.

Akwai kuma guzurin da ya fi ruwa da kuɗi, watau ka san silsilar sarakunan ko da a taƙaice, domin kowane bango da za a nuna maka da sunan wani sarki za a haɗa shi. Gidan sarautar ya samo asali daga Malam Yunusa a farkon rabin ƙarni na 18, kuma ya daɗe yana biyayya ga Barno yana kai gaisuwa Kukawa. Sulaimanu ne ya mai da Zindar mazaunin sarauta a farkon ƙarni na 19. 'Ya'yansa biyu, Ibrahim da Tanimun, suka yi ta jayayyar gadon, har ta tabbata ga Tanimun, wanda ya yi mulki shekara talatin ko fiye, ya rasu a 1884. Bayansa sai Sulaimanu ɗan A'isa, sa'an nan Amadu ɗan Tanimun, wanda ake yi wa laƙabi da Kuran Daga, daga 1893 zuwa 1899. In ka riƙe sunaye biyu kaɗai, Tanimun wanda ya gina, da Amadu wanda abin ya rushe a hannunsa, ka riƙe kan zaren. Wanda ya iya Faransanci ya nemi littafin da Andre Salifu ya wallafa a 1971 a kan daular Damagaram cikin ƙarni na 19; shi ne malamin da jami'ar garin take ɗauke da sunansa a yau.

Ran farko ka yi sammako, bayan sallar asuba da ɗan karin kumallo, ka nemi wanda zai yi maka ja-gaba daga mutanen unguwar Birni, ku hau ɗaya daga cikin duwatsun da jama'a suka saba hawa. Hikimar farawa daga sama ita ce, mai yaƙi ƙasa yake fara dubawa kafin ya dubi makami. Daga can za ka fahimci abin da ya sa aka zaɓi wurin: manyan duwatsu da suka zama garkuwa tun ba a ɗora tubali ba, ga Birni inda sarki da fadawa da malamai suke, ga Zango daga arewa, masaukin ayarin Abzinawa da fataken Gadamas da Tarabulus, ga kuma tudun da baƙi suka zo daga baya suka kafa barikinsu a kai, yana leƙen duka biyun. Hanyar da ta fito daga Tarabulus ta ratsa Agadas ta nufi Kano ta nan take bi, haka kuma wadda ta nufi Kukawa daga yamma. Harajin waɗannan hanyoyi, da cinikin bayi, da fatu, da gashin jimina, su ne suka sayi bindigogin da za a yi maka ta zancensu. Ya kamata mai ziyara ya riƙe wannan a ransa, kada ƙawar labarin ta mantar da shi waɗanda aka sayar aka biya kuɗin albarushi.

Daga nan ku sauko neman ganuwa. Tanimun ne ya kewaye Birni da ita cikin shekarun 1850, kuma Faransawan da suka gan ta a 1899 sun rubuta cewa tsayinta ya kusa mita 10, kaurin gindinta ya fi haka, tana da ƙofofi bakwai. Yau sai guntaye, waɗansu ma sai an ce maka ga su za ka bambanta su da tarin ƙasa, domin rushewar da aka yi mata a zamanin Nasara, da ruwan damina, da masu ɗibar ƙasar gini, duk sun ci rabonsu. In ka tsaya a gaban guntu, ga yadda za ka karanta shi. Dubi gindi ka gwada shi da sama, ka ga yadda ginin yake tsukewa yana hawa, wanda shi ne sirrin tsayuwar ginin ƙasa mai nauyi haka. Dubi inda ya tsage, ko za ka ga jerin tubala da ƙasar da aka haɗa su da ita. Sa'an nan ka auna faɗinsa da takunka, ka rubuta, ka yi ƙiyasin yawan hannuwan da suka kwaɓa wannan ƙasa, da yawan tulunan ruwan da aka ɗauko a garin da ruwa ke wahala. A nan ne za ka gane iyakar ikon sarkin da ya ce a yi, aka kuma yi. Kada ka hau, kada ka ɓantari ko ɗan ƙanƙane don tsaraba.

Fada tana tsakiyar Birni, tana fuskantar dandali da masallacin Juma'a, an kuma gina ta wajen 1850. Sai ka tuna gidan mai rai ne, ana zaman fadanci da sulhu a cikinsa har gobe, saboda haka ladabin shigarsa ya sha bamban da na gidan kallo. Ka sa tufafin mutunci. Ka yi sallama ga dogaran da ke ƙofa, masu jajayen riguna, ka faɗi sunanka da garinku da abin da ya kawo ka, ka jira izini, ko da jiran ya yi tsawo. Ka tuɓe takalmi inda ka ga ana tuɓewa. In Allah ya sa aka kai ka gaban sarki, ka durƙusa ka yi jinjina ka ce, “Allah ya ja zamanin sarki,” ka bar dogarai su amsa, kada ka miƙa hannu sai an miƙo maka. Hoto sai da izini, kowane ɗaki da nasa izinin. Wanda ya zaga da kai kuma ka ba shi goro gwargwadon hali, a sirrance, ba a bainar jama'a kamar mai biyan ɗan dako ba. Ka saurari sunayen sarautu da kyau, irin su Kaigama da Ciroma da Yarima da Ballama, za ka ji ƙamshin Barno a cikinsu, alhali harshen da ake fadanci da shi Hausa ne. Wannan gamin shi ne Damagaram.

Yanzu ga abin da ya fi bukatar natsuwa, watau duban makamai, ko a fada aka nuna maka su, ko a gidan tarihi, ko a jikin barade ran hawa. Galibin mutane kallo ɗaya suke yi su ce “Kai, mazan jiya!” su wuce, alhali kowane makami yana da tambayoyi uku da ya kamata a yi masa: a ina aka yi shi, me aka yi shi ya kare ko ya karya, kuma mene ne lagonsa. Ɗauki lifidi. Riga ce ta doki da mahayinsa, an cusa mata auduga an ɗinke ta gida-gida, aikin gida ce tun daga zare har allura. An yi ta don kibiya mai dafi, wadda in ta shige cikin audugar ƙarfinta ya mutu kafin ta taɓa fata. Lagonta kuwa nauyi da zafi da wuta, shi ya sa 'yan lifidi ba su sukuwa mai nisa, tafiya suke kamar bango a gaban sarki. Sulke kuwa ka matsa kusa ka dubi zobbansa, ko an ƙulle bakin kowanne da ƙusa ko dai an lanƙwasa shi kawai, domin na farko ya fi tsada ya fi aminci, kuma yawancin irinsa ta hamada ya shigo. Takobi ka dubi ruwansa daga wajen ƙota, sau da yawa za ka ga tambarin maƙeran Turai, ƙotar da kuben kuwa aikin maƙera da dukawan ƙasar nan ne. Haka za ka bi kwalkwali da garkuwa da mashi da asigiri da kwari da baka.

Amma abin da ya fifita Damagaram a kan maƙwabtanta shi ne wuta. Masu tarihi sun ambata cewa Tanimun ya tara bindigogi wajen 6000 da igwa wajen 40, kuma abin mamakin ba yawan ba ne kaɗai, a'a, a cikin garin ake zubin igwar, a cikinsa ake haɗa albarushi, ana sayo farar wuta daga fataken arewa, gawayi kuwa ga shi a gida. Bindigogin irin masu ƙyastu ne da ake ɗura wa ta baki, dangin wadda mafarauta ke kira harba-ruga, kuma galibi a hannun bayin sarki aka sa su, domin sarki mai hankali ba ya raba wuta ga hakiman da za su iya juyo masa da ita. In an nuna maka igwa, ka dubi bakinta ka ga ko ramin ya daidaita, ka dubi 'yar kafar da ake sa wuta ta baya, ka shafa idonka a jikinta ka nemi ƙuraje da ramukan da zubi ke bari, gama a nan take fashewa in an cika mata albarushi. A ganina amfaninta ya fi yawa wajen tsoratar da dawaki da karya zuciyar mutanen birnin da aka kewaye, fiye da yawan waɗanda ta kashe; amma ƙarar da ta sa Muniyo da Miriya da sauran ƙananan sarakuna suka sunkuyar da kai ta yi aikin da aka zuba ta dominsa.

A nan ne kuma ya wajaba in yi maka gargaɗi game da riwaya. Wani ja-gaba ya taɓa rantse mini cewa in aka harba igwar Tanimun a Birni, sai an ji ta a dutsen Dala na Kano. Na rubuta maganarsa, ban ƙaryata shi ba, ban kuwa gaskata ba. Malaman hadisi sun riga sun koya mana hanya: a tambayi mai ba da labari daga wa ya ji, shi kuma daga wa. Ka raba littafinka gida uku, abin da idonka ya gani, abin da aka faɗa maka tare da isnadinsa, da abin da aka rubuta a zamanin da abin ya faru. Za a gaya maka an binne layu a cikin ganuwa, da waɗansu abubuwan da ba su da daɗin faɗi. Wannan gida na biyu ne. Za a ba ka labarin yaƙe-yaƙen Amadu Kuran Daga da Sarkin Kano Alu a ƙarshen shekarun 1890, da gwabzawar Gezawa da ta Tattarawa, kuma in Bakano ne kai za ka ji labarin ya saɓa wa wanda kakanka ya ba ka. Kada ka yi musu. Yaƙin ya daɗe da komawa wasa tsakanin Kanawa da Damagarawa, in an tsokane ka ka rama da dariya, ka rubuta riwayar tasu kusa da taku. Gida na uku kuwa akwai Baturen Ingila Richardson, wanda ya zauna a garin a farkon 1851 zamanin Ibrahim, da Bajamushe Barth, mai kiran kansa Abdulkarim, wanda ya sauka a ƙarshen 1852. Su ma da idon baƙo suka duba, sai a auna maganarsu kamar ta kowa.

Da la'asar ka nufi maƙabartar Faransawa. Ka shige ta da natsuwar da ta dace da kowace maƙabarta, ka karanta sunaye da shekaru. Sunan da ya kamata ka sani kafin ka zo shi ne na Kyaftin Cazemajou, wanda ya iso Zindar a 1898 yana nufin wucewa gabas wajen Rabe, mutumin da ya riga ya ci Kukawa a 1893. Sarki Amadu, wanda ke tsoron kada Nasara da Rabe su haɗa kai a kansa, ya karɓe shi da farko, sa'an nan aka kashe shi tare da tafintansa Olive ran 5 ga Mayu 1898. Wannan kisa shi ne hujjar da Faransa ta riƙe da ta dawo bayan shekara guda.

Barikin da suka gina a kan dutse a 1899 sunan wannan kyaftin suka sa masa, bayan mulkin kai kuma aka mai da shi sunan Tanimun, watau gini ɗaya ya ɗauki sunan wanda aka kashe a garin da na uban wanda ya yi umurnin kisan. Har yanzu wurin soja ne, saboda haka ka dube shi daga nesa, kada ka ɗaga waya ko na'urar hoto wajensa, kada kuma ka matsa sai da izini bayyananne daga masu tsaronsa. Wannan ba shawara ba ce da za a yi wa tawili. Abin da za ka lura da shi daga ƙasa ya isa: ganuwar Tanimun waje take kallo, tana tsare gari daga maƙiyi, barikin kuwa garin yake kallo. Daga nan aka mallaki ƙasar, Zindar ta zama hedkwatar yankin soja na Nijar daga 1911, daga nan kuma rundunar da ta je ta kwance ƙawanyar da Kawusan, jagoran tawayen Abzinawa, ya yi wa Agadas ta tashi a farkon 1917.

Zango ba ya bukatar dogon bayani, yawo ne na safiyar rana ta biyu, tsakanin gidaje masu zane a fuska. Ka tambayi gidan Malam Yaro, babban attajirin da ya yi hulɗa da Faransawa tun zuwansu, amma duk da haka a 1906, shekarar tawayen Satiru, aka tuhume shi tare da Sarki Amadu ɗan Basa, magajin Kuran Daga, da ƙulla makircin tawaye, aka tuɓe sarkin aka kai shi Kwaddibuwa, garin ya zauna a hannun Ballama, sarautar gidan ba ta dawo ba sai a 1923 da naɗin Barma Mustafa. In ranar Alhamis ce ka biya kasuwar Dole, ka ga dukawa da masu kayan doki, domin hannun da ke ɗinka kube da linzami a yau jikan wanda ya yi wa baraden Tanimun ne.

Sai Tirmini, wadda na bar ta ƙarshe da gangan. Tana yamma da gari a kan hanyar Maraɗi, tafiyar da ba ta kai sa'a guda a mota ba. A nan ne, a ƙarshen watan Yuli 1899, rundunar Amadu Kuran Daga ta tari ragowar ayarin Faransawa na Voulet da Chanoine, ayarin da ya ƙone Birnin Ƙonni, ya yi yaƙi da Sarauniya a Lugu, ya bar gawawwaki tun daga bakin Kwara har ƙasar Tasawa, har Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsai da su, shi da Chanoine kuma sojojinsu suka harbe su a tsakiyar watan nan. Laftana Pallier da Joalland da Meynier ne suka ja sauran. Turawan cikinsu ba su kai goma ba, masu riƙe da bindigogin baƙaƙen fata ne 'yan'uwanmu daga ƙasashen yamma, abin da masu ba da labari kan tsallake. Ka tsaya a filin ka dubi tazarar da doki zai keta kafin mashi ya isa ga mutum, sa'an nan ka tuna cewa bindigar da ake ɗura wa ta baki kafin ta yi harbi ɗaya, wadda ake sa wa harsashi ta baya ta yi da yawa, kuma daga nisan da waccan ba ta kaiwa, ga su a sahu suna saki gaba ɗaya bisa umurni. Jaruntaka ba ta yi ƙaranci ba ran nan. Makaman da suka rinjayi maƙwabta shekara arba'in su ne zamani ya wuce su. Faransawa suka shiga Birni, sarki ya fita, aka bi shi aka kashe shi a watan Satumba. A Nuwamba wani ayarin Faransawa, na Foureau da Lamy, ya iso daga hamada, suka wuce gabas, aka kashe Rabe a Kusuri ran 22 ga Afrilu 1900.

In ka isa Tirmini ka fara da gidan mai gari, ka gaishe shi, ka roƙi a haɗa ka da dattijon da ya fi sanin labarin, kada ka shiga gonakin mutane kai kaɗai kana nune-nune. Ka yi wa waɗanda suka kwanta a wurin addu'a. Abin da dattijon ya faɗa ka rubuta shi da lafazinsa, da sunan wanda ya ji daga gare shi, da kwanan watan da ya faɗa maka, in ya yarda ka ɗauki muryarsa. In ka koma gari kuma ka kai kwafi ɗaya ga malaman tarihi na jami'a. Ka taso da wuri, magariba ta same ka a cikin Zindar.